Mita Goma Daga Tsakiyar Lambatu

Fentin bai gama bushewa ba sa'ad da Nuriyya ta hau gadar katako. Daga tsakiyar gadar ta hango bangon Baffa Yusufa: jan gicciye ƙato, a ƙarƙashinsa haruffa biyu, A da D, waɗanda ko tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba a unguwar New Bell da ke Duwala ta san nufinsu a rushe. Yayyafin safe ya narka jan, ya gangaro ta kan bulo har ƙasa.

Ta waiwayo ta dubi bayan gidansu a wannan gaɓar. Babu fenti. Gansakuka ce kawai, da tsagewar nan da ke ƙara buɗe baki duk damina. A ƙarƙashin ƙafafunta lambatun yana tafiya a hankali, baƙi ƙirin, ɗauke da robobi da ɓawon rake da wani takalmi ƙafa ɗaya.

Baffa Yusufa, telan da ya zo daga Marwa tun kafin a haife ta, yana zaune a ƙofar gidansa, kekensa na ɗinki a lulluɓe da tsohon zane. Ta rusuna.

"Ina kwana, Baffa."

"Lafiya lau, injiniya. An fito?"

Kafin ta amsa, matarsa Goggo Jannatu ta ɗaga labulen zaure, hannunta da kumfar sabulu.

"Bar ta ta wuce, Malam, kada ta makara. Ai akwai sauran gidajen da ba a shafa ba."

"Goggo..."

"Ni na shimfiɗa miki tabarma, Nuriyya. Na dama miki kunun gyaɗa. Na kai ki har bayan ɗakina, inda ko ƙanin mijina bai taɓa leƙawa ba, kika tsaya da 'yar na'urarki kina murmushi. Ashe awon kabari kike yi mana."

"Wallahi Goggo ba ni ke zaɓa ba. Kwamfuta ce take lissafawa."

"Kwamfutar ma 'yar gidan Rakiyatu ce? Buɗe ido ki duba. Bangon uwarki a bakin ruwa yake wanka, ba a taɓa shi ba. Mu da ke da fili har akuya take kiwo tsakaninmu da lambatu, mu ne a rushe. Duk wannan layin namu na 'yan Marwa da Garwa an shafa, layinku na 'yan asali ko ɗigo."

"Jannatu, ya isa," in ji Baffa Yusufa. Ya juyo ga Nuriyya, muryarsa a kwance. "Kada ki sa a ranki, 'yata. Da mutum ne ya zo da igiya ya auna, da na ce an ba shi na goro. Amma na'ura ba ta da ɗan uwa. Idan ta ce mun shiga mita goma, mun shiga. Idonmu ne yake ruɗinmu."

Wannan magana ta fi ta Goggo Jannatu zafi. Nuriyya ta yi sallama, ta fita bakin titi ta tsayar da ɗan bensikin, mai babur ɗin haya.

An daɗe ana cewa za a faɗaɗa lambatun, domin duk watan Agusta sai ya cika ya shiga ɗakunan mutane, wata shekara ma har da rai yake tafiya. Da maganar ta tabbata, hukuma ta yanke cewa duk ginin da bai kai mita goma daga tsakiyar lambatu ba za a rushe, ta ba wani ƙaramin kamfani a Akwa kwangilar awo. Masu awon kamfanin maza ne, bangon da ya fi kusa da ruwa kuwa a unguwar Hausawa kusan kullum a can cikin gida yake, wajen mata, inda baƙon namiji ba ya shiga. Sai aka tuna da Nuriyya, wadda aka ɗauka don rubuta manhaja. Ita ta shiga gida-gida da na'urar GPS, ita kuma ta rubuta lissafin da zai ɗauki lambobin na'urar ya fitar da nisan kowane bango daga ruwa. Mutanen unguwa sun ji sanyi da aka ce na'ura ce za ta yi hukunci. Sun gaji da ma'aikacin da igiyarsa ke tsawo ko gajarta gwargwadon abin da aka sa masa a aljihu. Abin da ba wanda ya zauna ya faɗa musu shi ne, na'urar ma wani ne yake zama ya gaya mata yadda za ta ƙirga, kuma wannan wanin yana jin yunwa, yana gajiya, ana kuma tsaye a kansa ana cewa ya yi sauri.

Ɗan bensikin ya kutsa ta tsakanin motocin da suka cushe wajen Kasuwar Kongo, ruwan kwata yana fallatsa mata a bakin siket. Ba ta kula ba. Bangon nan biyu take gani a ranta, ɗaya a hagu ɗaya a dama. A wannan lambatun ta tashi. Ta san inda take tsayawa tana yarinya ta jefa dutse daga tagar ɗakin babanta ya faɗa tsakiyar ruwa ba tare da ta ɗaga hannu sosai ba. Daga bangon Baffa Yusufa kuwa sai an ɗan ruga.

Ofishin yana saman wani shagon tayil. Mukhtar, wanda ya girme ta a aikin, yana cin burodi da wake a kan teburinsa.

"Madam New Bell! An ce jiya an yi muku kwalliya da ja."

Ta kunna kwamfuta, ta buɗo lambobin da na'urar ta ɗauko a ranar da ta shiga gidaje, kafin manhajarta ta taɓa su. Kowane bango lambobi biyu gare shi, ɗaya na kudu da arewa, ɗaya na gabas da yamma, kowanne da jelar lambobi bakwai bayan ɗigo. Ta ɗauki na gidansu ta lissafa da hannunta a gefe. Mita takwas da 'yan kai. Ta ɗauki na Baffa Yusufa. Mita goma sha huɗu.

Sai ta duba abin da manhajar ta ba hukuma. Gidansu, goma sha uku. Gidan Baffa Yusufa, tara.

Ta bi layukan da ta rubuta ɗaya bayan ɗaya, tana fatan ta tarar da laifin a wurin wani, a taswirar lambatun da hukuma ta aiko, ko a na'urar. Taswirar lafiya lau. Na'urar lafiya lau. Can wajen farko, inda manhajar take karɓar lambobi, ta ga layin. Gajere ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Yana cewa a datse kowace lamba a bar huɗu bayan ɗigo, a cike ta zuwa wadda ta fi kusa.

Ta tuna ranar. Wayoyin masu fenti ƙanana ne, taswirar tana daɗewa kafin ta buɗe, oga yana ta shiga yana fita. Mukhtar ya leƙo ta kafaɗarta ya ce ta rage wa lambobin jela, abin da ke bayan ta huɗu ƙura ce kawai. Ta rage. Taswirar ta buɗe da sauri, kowa ya yaba.

"Mukhtar, zo."

Ya zo yana share baki.

"Digiri ɗaya a nan Duwala kilomita nawa ne?"

"Ɗari da goma sha ɗaya, kusan. Jarrabawa ce?"

"Raba shi gida dubu goma."

Ya ɗaga ido sama. "Mita goma sha ɗaya."

"To lamba ta huɗu bayan ɗigo ke nan. Taku ɗaya nata mita goma sha ɗaya ne. Da muka datse sauran ukun, sai muka shimfiɗa wa unguwar ramukan dara, tsakanin rami da rami mita goma sha ɗaya, muka ce kowane gida ya tashi daga inda yake ya faɗa ramin da ya fi kusa da shi. Dokar kuma mita goma ce, Mukhtar. Ma'auninmu ya fi abin da muke aunawa girma."

Mukhtar ya jawo kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon layin.

"Amma mun gwada," ya ce. "Ke da kanki kika gwada, komai ya fito daidai."

"A Bonapriso muka gwada. A can mita goma sha ɗaya ko daga ƙofar gida zuwa inda maigadi yake zama ba ta kai ba. A wurinmu ɗaki biyu ne da banɗaki da rabin gidan maƙwabci."

"Kowa huɗu yake yi. A makaranta ma haka aka..." Ya sake ɗaukowa ta wani gefen. "Ji nan. Wannan irin kuskuren ba ya taruwa wuri ɗaya. Wani gida ya matso, wani ya matsa. Idan kika haɗa duka, kuskure ya cinye kuskure. Jimillar ba za ta canza sosai ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma irin gaskiyar nan ce da ake koyarwa a aji a ci jarrabawa da ita. A kan allo, wanda aka ƙara wa biyar da wanda aka rage wa biyar sun zama babu. A New Bell kuwa mutum biyu ne, ɗaya yana kwance a ɗakinsa, ɗaya yana tsaye a titi da katifa a ka.

Nuriyya ta goge layin, ta sa manhajar ta sake lissafi da lambobin a cike. Taswirar ta ɗan daɗe, sannan ta buɗe. Jajayen ɗigo suka yi ƙaura. A wajen gadar katako, inda lambatun ya miƙe, jan ya bar gaɓar su Baffa Yusufa kusan gaba ɗaya, ya tsallako ya zauna a kan layin gidajen da ke ɗaya gaɓar. Ta matsar da kibiya kan ɗigo na huɗu daga gada. Sunan babanta marigayi ya fito, Abdulkarim, da lamba takwas a gefensa.

Mukhtar ya karanta sunan. Ya dube ta, ya dubi ƙofar oga, ya rage murya.

"Mayar da layin."

"Me ka ce?"

"Mayar da shi inda yake ki rufe. Ni ban gani ba. An riga an sa hannu, an shafa fenti, katafila Litinin za ta zo. Ba ke kika zaɓa ba, Allah ne ya tsallakar da tsohuwarki. Kina so ki ce masa ba kya so?"

Wayarta ta yi ƙara. Inna ce.

"Nuriyya, in za ki dawo ki biyo da sukari da yis. Na jiƙa shinkafa, waina zan yi sadaka. Wannan abu da Allah ya yi mana ba na yin shiru ba ne."

"To, Inna."

"Kuma na aika wa Jannatu ta kwaso kayanta ta kawo nan kafin su sami wuri. An ce ta yi miki rashin kunya da safe. Kada ki riƙe ta, wanda aka shafa wa ja ba ya cikin hankalinsa. Muryarki fa? Kin karya kuwa?"

"Na karya."

"Ƙarya kike. Sayi wani abu ki ci."

Ta ajiye wayar. Gidan nan babanta ya gina shi ɗaki-ɗaki da kuɗin fatun da yake saya a mayanka, ɗakin baya shi ne na ƙarshe, a cikinsa kuma ya rasu. Inna Rakiyatu ta shigo shi tana amarya, ba ta taɓa kwana wata guda a wani wuri ba. Takardar fili babu, kamar yawancin gidajen layin, don haka maganar diyya ma ba ta taso ba.

Ta fita baranda ta kira yayanta Badaru, wanda yake haya a Yassa da matarsa da 'ya'ya huɗu.

"Yaya, ɗakin nan naku na ajiya, har yanzu kaya ne a ciki?"

"Wane ɗaki? Wanda ko akuya aka sa sai ta yi ƙara? Lafiya? Ko miji kika samo mana za ki ɓoye?"

"Tambaya kawai nake. Da a ce Inna za ta zo ta ɗan zauna."

"Inna? A Yassa?" Ya yi dariya. "Ranar sunan Awalu ma kafin la'asar ta fara neman takalminta. Ta ce garin nan ba a jin kiran salla sai ƙarar tirela." Dariyar ta tsaya. "Nuriyya, me ya faru? An ce ba a shafa mana ba."

"Ba a shafa ba. Sai na kira ka."

Ta yi azahar a lungun da take shimfiɗa sallayarta bayan kabad. Da ta sallame ta zauna a wurin. Ta gwada a ranta ta bi shawarar Mukhtar, ta ga kanta ranar Litinin tana tsaye a bakin gada tana kallon katafila tana cin bangon Baffa Yusufa, shi kuma yana gaya wa mutane na'ura ba ta da ɗan uwa. Ta ga kanta tana gaishe shi a duk inda ya koma, shekara da shekaru. Ta gwada ɗayan kuma, ta ga Inna a ɗakin ajiyar Badaru. Ko wanne ta ɗauka da nauyi. Amma ɗaya daga ciki lissafinsa daidai ne, kuma a ganinta musaya ce: gida ya tafi, gida ya tsira, kowa ya koma inda awo ya ajiye shi. Da wannan ta lallashi kanta ta tashi.

Monsieur Ekwalla, mai kamfanin, injiniya ne tun kafin kwamfuta ta shigo aikin awo, kuma ba mugun mutum ba ne. Ta ajiye masa taswira biyu a allo, ta jiya da ta yau, ta yi masa bayani da Faransanci. Bai katse ta ba. Da ta kai kan mita goma sha ɗaya sai ya cire tabarau ya dafe goshi.

"Gida nawa?"

"Talatin da ɗaya an shafa musu ba su shiga ba. Ashirin da takwas sun shiga ba a shafa ba."

"Mukhtar ya ce mini gidanku yana unguwar."

"Yana cikin ashirin da takwas ɗin."

Ya dube ta da kyau. "Ma fille," ya ce, wato 'yata. Ya jawo waya ya kira jami'in da ke kula da aikin a wajen hukuma, ya buɗe muryar don ta ji.

Jami'in yana cikin mota, ana jin hon a bayansa. Ya saurara, ya sa aka maimaita masa sau biyu, ya tambaya ko akwai ɗan jarida da ya sani. Da aka ce babu, muryarsa ta saki.

"To ai abin da sauƙi. Ku aiko da sabuwar taswirar yanzu. Masu fenti za su koma gobe da safe su shafa wa ashirin da takwas ɗin."

"Talatin da ɗayan fa, chef?" in ji Monsieur Ekwalla, yana kiransa shugaba da Faransanci. "Sai a goge musu."

"A goge? Ekwalla, ka taɓa ganin an goge? In na goge gicciye ɗaya a New Bell, kafin magariba duk unguwar ta ce an saya. Wanda aka bar wa nasa zai zo ofishina da lauya ya ce shi ma a sake masa awo, daga nan har unguwar Sodiko babu aikin da zai ƙara tafiya. An sa hannu, an ba su sanarwa, an biya mai katafila. On ajoute, on n'enlève pas. Ana ƙarawa, ba a ragewa."

Nuriyya ta matso kusa da wayar. "Chef, gidajen nan ba su shiga mita goma ba. Akwai wanda yake goma sha huɗu."

"Wace ce wannan?"

"Ita ta gano kuskuren."

"Ah, madalla, mademoiselle. Irinku muke nema a ƙasar nan. Ki kwantar da hankalinki, lambatu bai taɓa yin faɗi da yawa ba. Bana mita goma, baɗi ruwa zai nemi goma sha biyar, kin ga mun rage wa kanmu aiki. Ekwalla, ina jira kafin a tashi."

Wayar ta mutu. Fankar sama tana ta juyawa. Monsieur Ekwalla ya mayar da tabaransa, ya cire, ya sake mayarwa.

"Da kin fara zuwa mun yi magana kafin na kira," ya ce, kamar ba shi ya kira ba. Ya ji abin da ya faɗa, ya kawar da kai. "Zan sake gwada shi gobe. Ban yi miki alkawari ba."

"Idan ba mu aika ba fa?"

"Ya riga ya san akwai ta."

Ta koma teburinta. Mukhtar bai ɗago ba, ya dai turo mata ragowar burodinsa a takarda. Ta haɗa sabuwar taswirar, ta duba ta sau ɗaya, domin ko yanzu ba ta son a sami kuskure a aikinta, ta tura wa oga. Ta ɗauki jakarta.

Ruwa ya sauko sosai kafin ta kai New Bell. Ta sauka a bakin titi, ta tsaya a shagon Ɗanlami ta sayi sukari da yis, don an aike ta. Da ta shiga lungu sai ta tarar gadar katako ta zama hanyar kasuwa. Mata da 'yan mata suna tsallakowa daga gaɓar da aka shafa, wannan da tukwane a ka, wannan da katifa a naɗe cikin leda, wata da akwatin talabijin a rungume kamar jariri. Duk gidajen layin su Nuriyya sun buɗe ƙofa. Kowa ya ɗauki maƙwabcinsa na tsallake, ana ta raba ɗakuna da baki: ku sa naku a falo, ku kuma a ƙarƙashin matakala. Lambatun ya cika ya kusa taɓa katakon.

Ƙamshin waina ya tare ta tun daga zaure. Inna Rakiyatu ba ta jira yis ɗin ba, ta aro a maƙwabta. Tana zaune a rumfa gaban tanda, tana juya waina da tsinke, tana ba da umarni ba tare da ta waiwaya ba.

Goggo Jannatu ta fito daga ɗakin baya, zanenta a jiƙe. Da ta ga Nuriyya sai ta tsaya, ta kama hannunta da hannu biyu.

"'Yata, ki yafe ni. Bakina ne ya riga hankalina da safe. Ga shi uwarki ta ba mu ɗakin babanki, ɗakin da ko ke ba ta bari ki kwana a ciki. Malam ya ce mini, yarinyar nan aikinta ta yi, ba ta ƙara ba ta rage ba."

"Goggo, babu komai."

"Ce kin yafe."

"Na yafe. Ni ma ki yafe ni."

"Ke me kika yi?"

Sallamar Baffa Yusufa ta katse su. Yana ƙofar zaure, ya jawo kekensa na ɗinki tun daga gada shi kaɗai, ƙafafun ƙarfen sun cika da laka, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya tsaya a inda maza suke tsayawa.

"Shigo, Malam Yusufa, yau babu ba-shiga," in ji Inna daga rumfa. "A kai keken ɗakin baya, can ƙurya, jikin bango. Nan babu abin da zai taɓa shi. Ke Nuriyya, me kike tsaye kamar an dasa ki? Ajiye ledar ki kama masa."

Nuriyya ta ajiye sukarin a kan turmi. Ta je ta kama gefe ɗaya na keken, Baffa ya kama ɗayan, suka ɗaga shi suka tsallake dokin ƙofa. Da suka shigo tsakiyar zauren sai ta sauke nata gefen. Dole shi ma ya sauke.

"A bar shi nan, Baffa. Kusa da ƙofa."

"A zaure?" in ji Inna. "Abin sana'ar mutum? Ɗaki na can a share."

"Nan zai fi sauƙin fitarwa, Inna."

Inna Rakiyatu ta ɗago. Ta dubi 'yarta ta cikin ƙofar zaure, ta daɗe tana dubanta, irin kallon da take yi mata tun tana ƙarama idan ta dawo makaranta ta ce babu komai. Sannan ta juya a hankali ta dubi ɗakin baya, da kayan Jannatu jibge a bakinsa.

Wainar da ke cikin tanda ta fara ƙonewa. Ba wanda ya juya ta.